Harawar Dela a Jidda

Dela 'yar Na'ibi shekarunta sittin a bana, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita ce ta fi kowa tumaki a cikin Hausawan Mahjar, unguwar leburori da masu ƙananan sana'o'i da ke kudancin Jidda. Gidanta ne na ƙarshe a lungunsu, inda gine-gine suka ƙare fili ya fara. Baƙon da bai san gidan ba, kukan 'yan raguna zai kai shi.

An haife ta a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi kusa da Sinnar, a ƙasar Sudan. Kakanninta mutanen Katagum ne da suka taso aikin Hajji a ƙafa. Guzuri ya ƙare musu a hanya, suka yada zango don su yi noman shekara guda, shekarar nan ta miƙe har suka ga jikoki. Mahaifinta shi ne na'ibin limamin ƙauyen, kuma sunan muƙamin ya bi shi har ya danne na yanka. A gidansu kowace 'ya mace tana da tunkiyarta. Da kaka, in an gama roron wake, sai a tuge yaɗon, a shanya, a ɗaure dami-dami a ɗora a kan rufin ɗaki. Harawa ke nan, ita ke riƙe dabba har ruwa ya sake sauka. Dela ta iya ɗaurin harawa tun kafin ta iya tuƙa tuwo.

A shekarar 1953 ta ƙetaro teku daga Sawakin tare da mijinta Usuman. Suka sauke farali, suka zauna. Usuman ya kama sana'ar ga-ruwa a Balad, tsohon gari, yana hawa benaye masu tsawo da garwa biyu a sanda. A lokacin jiragen ruwa na sauke tumakin Sudan a tashar Jidda, kuma a kowane jirgi akan sami waɗanda tafiya ta galabaitar, dillalai su rabu da su da araha. Irin waɗannan Usuman ya riƙa jawo wa matarsa ɗaya-ɗaya, har suka zama biyar. Ba kiwo na gaske yake nufi ba, so yake ta riƙa jin kukan dabba a tsakar gida kamar a garinsu.

Usuman ya rasu a 1961. 'Yarsu ɗaya tilo, Zakiya, tana aure a Makka. Da Dela ta fita takaba, sai ga ƙanin marigayin, Abdulghaffar, direban tasi, ya yi sallama. Shi ne namijin da ya rage a dangin, kuma iƙamar Dela, takardar zamanta a ƙasar, ta hannunsa take bi. Tsakaninsu akwai wasan ƙanin miji da matar wa tun suna Sudan.

"Matar Yaya, kin rame," in ji shi.

"Kai kuwa ka yi ƙiba, Gaffaru. Motar ce ke ja, ko kai ke jan ta?"

Ya yi dariya, ya zauna a kan turmi. "Da magana na zo. Na share miki ɗaki a gidana a Sabil. Ki sayar da ƙasusuwan nan, ki tattaro kayanki. Halas, shi ke nan."

"Waɗanne ƙasusuwa?"

"Waɗancan masu cin takardar siminti."

Dela ta san Abdulghaffar ba mugunta yake yi ba, zumunci ne. Amma ta san abin da ɗakin nan yake nufi. Za ta zauna a kawo mata tuwo a kwano, ba murhunta, ba ƙofarta, in za ta fita sai ta faɗi inda za ta. Tana da shekara arba'in da shida, ƙafarta da hannunta lafiya lau. Ta ce masa za ta riƙe kanta da tumakin.

"Da me?" ya ce. "Jidda ba garin haihuwar tumaki ba ne. Jirgi ke kawo su, wuƙa ta karɓa. Tun da kika zo, kin taɓa ganin ɗan ragon da aka haifa a lungun nan ya ga Babbar Salla biyu?"

Ba ta taɓa gani ba. Ta dai ce ya ba ta lokaci, shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Maganarsa tana da tushe. Awaki suna jure Jidda, suna yawo suna cin ɓawon kankana da busasshen gurasa da duk abin da kasuwa ta zubar. Tunkiya ba haka take ba. Za ta haihu da sanyi, ɗan ya sha nono ya yi kyau, sai zafi ya shigo, nonon ya ƙafe. Daidai lokacin da ɗan ya kamata ya koma ga ciyawa, babu ciyawar. Abin da mutanen gari suka sani shi ne barsim, wani ganye mai laushi ɗan dangin wake, wanda motoci ke kawowa kowace safiya daga gonakin Wadi Fatima, wani kwari da ke wajen hanyar Makka, ana sayar da shi ɗanye ƙunshi-ƙunshi. Da sanyi barsim ya cika kasuwa, har ana rangwame da yamma don kada ya kwana. Da zafi kuwa sai ya yi wuya, ƙunshin ya koma kamar tsintsiya, masu dawaki da masu shanun madara su kwashe tun kafin talaka ya iso.

Da Dela ta dubi wannan, sai ta ga ai lissafin ba baƙo ba ne. Akwai kaka, akwai rani. Abin da ya rage a tara a lokacin yalwa. Sanyin shekarar nan kullum da yamma tana bakin kasuwa tana kwasar barsim ɗin da ya yi kwantai. Ta ɗora a ka ta kawo gida, ta hau tsani ta shimfiɗa a kan rufin kwanon ɗakinta. In ya yi yaushi ta ɗaure, ta jera, ta ɗora wani a kai.

Maƙwabciyarta Madina, haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Takan tsaya a bakin darni ta riƙe ƙugu.

"Ya ukhti, 'yar'uwa, me kike ginawa a sama? Masallaci?"

"Harawa nake yi."

"Mu dai a nan barsim ɗanye ake ba dabba. Tun kakata ban ji an shanya shi ba."

"Kakarki ba ta ga rani ba."

"Tayyib, to," in ji Madina. "Kowane tsuntsu da kukan gidansu."

Tumaki huɗu suka haihu a sanyin nan. Dela ta riƙa kallon tulin da ke kan rufi tana jin sanyi a ranta. Da zafi ya kankama, barsim ya ɓace a kasuwa, ta hau ta sauko da damin farko. Tana taɓa shi ganyen ya zube kamar garin taba, iska ta kwashe, ya bar mata kara zalla. Rana ta ƙone na sama. Ta ɗaga na ƙasa, wani wari ya buge ta. Ya yi baƙi, ya manne, fumfuna ta yi masa fari-fari. A Sinnar iska busasshiya ce, abin da aka ɗora a rufi sai ya ƙara bushewa. A Jidda teku na numfashi a kan gari, kowace safiya kwanon rufi sai ya jiƙe sharkaf da raɓa ko da babu ɗigon ruwan sama. Rana ta gasa, raɓa ta jiƙa, haka watanni.

Ta tsince wanda ya fi dama ta ba su, don ba ta da wani. 'Yan ragunan suka kama zawo. Kafin zafi ya karye duk huɗun sun mutu, da uwa ɗaya a kansu.

Abdulghaffar ya dawo. Wannan karon bai zauna a turmi ba, kuma ya kira Madina ta tsaya shaida.

"Matar Yaya, ba zan bari a ce matar ɗan'uwana tana bin bola tana tsintar ganye ba. Amma ba zan ɗauke ki da ƙarfi ba. Ga Hajji nan tafe, ban ƙirga shi ba. Na bayansa nake nufi. In ya zo kina da rago ko ɗaya, haifaffen gidan nan, da ya cika shekara ya isa layya, na rufe bakina har abada. In babu, ki bi ni Sabil ba gardama."

"Na ji."

"Ba wanda aka sayo a jirgi ba fa."

"Na ce na ji, Gaffaru. Kunnena bai mutu da tumakin ba."

Saura tumaki huɗu da haihuwa guda. 'Ya'yan da za a haifa a sanyi mai zuwa su ne kaɗai za su cika shekara kafin wa'adin, kuma sai sun ratsa zafin Jidda tukuna.

Dela ta ce abin da ya dame ta a lokacin shi ne tana sayen abin da ba ta taɓa ganin inda yake tsiro ba. Direban ɗaya daga cikin motocin barsim Bahaushen Sudan ne, ta roƙe shi ya bar ta ta hau baya in zai koma fanko. Wata safiya ta zauna a kan buhunan wofi, motar ta kama hanyar Makka, ta ratse zuwa Wadi Fatima. Tun kafin su isa ta ji leɓɓanta suna tsagewa, gumin da ya jiƙa mata mayafi a Jidda ya bushe ƙamas. Ta ce a ranta, iskar gida ce wannan.

Gonar da direban ke ɗaukar kaya ta wani dattijo ce mai suna Hamad, Balarabe mai ƙarancin magana. Ya ga mace ta sauko daga bayan mota ta durƙusa tana murza ganye tana shinshinawa, ya ƙaraso.

"Ya Hajja, me ya ɓace miki?"

"Tumaki biyar," in ji ta da Larabcinta na Sudan. Ta ba shi labari.

Hamad ya kai ta fage biyu. Ya tsinko kara daga na farko ya matse shi a yatsa, ruwa ya fito, cikinsa rami ne. Ya ce wannan barsim ɗin Masar ne, mai farin fure, na sanyi kaɗai, yana zuwa da yawa ya wuce. Shi ne mai cika kasuwa, kuma yawancinsa ruwa ne. Ya tsinko na biyu, mai shuɗin fure, kara siriri mai ƙarfi. Wannan na Hijaz ne, saiwarsa na nisa, ana yankansa shekara da shekaru, da zafi ma yana bayarwa ko da kaɗan ne. Sai a lokacin Dela ta gane cewa abin da ta tara a rufi duk na Masar ne, wanda ya fi kowanne wuyar bushewa. A kasuwa duk barsim ake ce musu.

Suna dawowa ta gefen gonar ta tsaya cak. A bakin magudanar ruwa an tara wani yaɗo, raƙumi na tattaka shi.

"Wannan fa?"

"Lubiya ce. Mun tsinke 'ya'yan ɗanye mun kai kasuwa. Wannan shara ce."

Wake ne. Dela ta ce sai da ta kori raƙumin da mayafinta kafin ta tuna ba nata ba ne. Ta tambayi Hamad me zai karɓa. Ya yi dariya ya ce wa ke sayen shara. Ita kuwa ba ta son kyauta, don kyauta takan ƙare ranar da mai ita ya gane amfanin abin. Ta ce tana da taki, kashin tumaki na shekaru ya taru a bayan ɗakinta, ga na maƙwabta da ba su san inda za su kai ba, mota kuma fanko take dawowa. Hamad ya dubi ƙasar gonarsa mai yashi, ya daina dariya. Suka shirya a kan haka, taki ya zo, yaɗon wake ya tafi.

Amma ba ta kai shi Jidda ba. A nan wadin ta shanya shi, a inuwar dabino, ba a tsakiyar rana ba. Tana juya shi, kuma ba ta ɗaurewa sai da sassafe lokacin da ganyen ya yi laushi, don kada ya karye ya zube. Hamad ya bar ta ta kafa rumfa da ganyen dabino a bayan rijiya, ta ɗaga damunan daga ƙasa. Ta gwada barsim ɗin Hijaz a inuwar nan, shi ma ya bushe kore shar da ganyensa. Na Masar ta bar wa masu sayen ɗanye. Daga rumfar take ɗebo kaɗan-kaɗan, iya abin da za a cinye kafin raɓar teku ta same shi, ta ajiye a cikin ɗakin da take kwana.

Ta kai tumakin ga ragon wani mahauci a unguwar, duk huɗun suka ɗauka. Da sanyi suka haihu, ɗaya ta yi tagwaye, 'ya'ya biyar ke nan, uku maza. A shekarar an yi ruwa sau biyu, filin da ke kudu da Mahjar ya yi tsiro. Dela ta riƙa kora su can da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke. Ciyawar gajeriya ce mai laushi, ba ta daɗewa, amma muddin tana nan hantsar iyayen cike take, 'ya'yan suna tsalle a kan tudu. A can ta haɗu da matan ƙauye suna yankan wata ciyawa mai kauri da suke kira sumam, mai tsiro kututture-kututture a yashi. Ita ma ta yanka ta tara, don ta lura wannan ciyawar ko a Jidda ba ta ruɓewa.

Da filin ya bushe ta mayar da su turke, a nan ne ta koyi sauran karatun. Ba ta da ma'auni sai tafin hannunta. Kowace safiya takan shafa gadon bayan kowane ɗan rago ta ji ko ƙashi ya fito ko nama ya rufe. Akwai lokacin da mota ta lalace, harawa ta yanke, suka zauna a kan sumam kaɗai. Ba wanda ya yi ciwo, amma girma ya tsaya, ciki ya yi tulu, baya ya yi kaifi. Da ta samu barsim ɗanye ta cika musu, sai kashinsu ya saki. Da harawa ta dawo, ta tsara musu yadda har yau take yi. Da safe busasshiyar ciyawa tukuna, ciki ya sami shimfiɗa. In rana ta ɗaga, harawar wake ko busasshen barsim na Hijaz. Ɗanyen barsim in an samu, sai da yamma, bayan ya sha iska ya yi yaushi, shi ma ɗan kaɗan. Ga 'yar dusa, ga kanwa a ruwan sha. 'Yan ragunan ta yi musu wani ɗan shinge mai ƙaramar ƙofa da iyayen ba sa iya shiga, a ciki take zuba musu ganyen harawa mafi kyau, don haka tun kafin nono ya ƙafe sun iya ci da kansu.

Zafi ya zo irin na Jidda, wanda mutum zai yi wanka ya fito yana neman wani. Mace ɗaya daga cikin tagwayen ta mutu, don dama ƙarama aka haife ta. Sauran huɗu suka tsaya.

A cikin mazan akwai wani fari mai jan wuya, dogon ƙafa, wanda ya fi sauran ci da girma. Shi Dela ta sa wa ido. Wata safiya, bayan sanyi ya sake shigowa, ta tafi ɗibar ruwa a famfon unguwa, ta tarar da layi. Tana dawowa ta ji Madina na kiran sunanta tana kuka. Mijin Madina ya samo ɗanyen barsim na Masar, sabon yanka, an yayyafa masa ruwa don kada ya yi yaushi a hanya. Madina ta ga 'yan raguna suna kuka, ba su karya ba, sai ta jefa musu rungume guda ta kan darni. Mai jan wuya ya ture sauran ya cinye yawanci. Ga shi tsaye, ƙafafu a buɗe, gefen cikinsa na hagu ya kumbura kamar ganga, yana numfashi da ƙyar.

Dela ta ajiye garwa. Ta ɗaga ƙafafunsa na gaba ta ɗora a kan turmi, gaba ya fi baya tudu. Ta ce Madina ta kawo man riɗi, ta ɗura masa a hankali ta gefen baki. Ta sa masa guntun sanda a baki a gicciye ta ɗaure a bayan kai, ya yi ta taunawa yana zubar da miyau. Ta durƙusa tana murza cikin da hannu biyu, daga ƙasa zuwa sama. Maƙwabta suka taru, wani ya ce a kawo wuƙa tun bai zama mushe ba.

"Wanda ya kawo wuƙa gidan nan shi zan fara yankawa," in ji Dela, ba ta ko ɗago ba.

Ta yi ta murzawa har hannunta ya mutu. Can sai ragon ya yi wata gyatsa mai wari da ta sa yara suka watse, ya ƙara wata, cikin ya fara saki.

Madina ta zauna a ƙasa tana share hawaye. "Wallahi alheri na yi masa, ya ukhti."

"Na sani. Alherinki ya kusa kai ni Sabil."

Daga ranar Madina ba ta ƙara jefa ko ɓawon ayaba ta kan darnin ba sai ta tambaya.

Hajjin wa'adi ya zo a 1964. Gari ya cika da alhazai, Abdulghaffar yana ta jigila ba ya ko samun zama, amma ana saura kwanaki kaɗan Salla ya tsayar da tasinsa a bakin lungun. Dela ta kwance mai jan wuya ta jawo shi tsakar gida. Ƙahonsa ya fara murɗewa, ƙirjinsa ya faɗaɗa, in ya taka ƙasa sai ka ji.

Abdulghaffar ya zagaya shi. Ya buɗe bakin ya duba haƙora. Ya danna gadon baya, yatsansa bai sami ƙashi ba.

"Matar Yaya, faɗi gaskiya. Wane jirgi?"

"Jirgin da ya kawo ka."

"Ni na ga haihuwarsa da idona," in ji Madina daga bakin darni. "Ni ce ma na kusa kashe shi, in kana son shaida ta biyu."

Abdulghaffar ya naɗe hannun riga, ya rungumi ragon ta ƙirji da ƙugu zai ɗaga. Ƙafafun gaba suka tashi, na baya suka ƙi. Ragon ya fizge, direba ya zauna daɓas a cikin kwanon dusa. Matan lungu suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Ya tashi yana kakkaɓe farar rigarsa, shi ma yana dariya, sai kuma ya tsaya yana kallon dabbar.

"Da Yaya ya ga wannan," ya ce. Bai ƙarasa ba. Ya juya ga Madina. "Ki shaida, na rufe bakina. Halas. Ɗakin Sabil zan zuba tayoyi a ciki."

"Zauna ka sha shayi," in ji Dela. "A gidana."

Washegari ta kora raguna biyu zuwa kasuwar tumaki, ita kaɗai mace a cikin dillalai. Ragunan jirgi suna tsaye a jere, tafiya ta cinye musu kitse. Nata ba su kai azahar ba. Mai jan wuya kuwa ta riƙe shi, shi ya zama uban garken.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Yau tumakin Dela sun haura arba'in, ban da waɗanda ta ba wa matan unguwa kiwo a raba 'ya'ya. Tun watan Shawwal mutane ke zuwa su kama ragon layya su bar shi a hannunta, daga Balad, daga Sabil, har da wasu masu gidajen hutu a Abhur da direbobinsu Hausawa suka ba su labari. Hamad ya tsufa, 'ya'yansa ke noma, kuma yanzu fage guda suke warewa su shuka wake don yaɗonsa kawai. Rumfar bayan rijiya ta zama uku. Ba kowace shekara ce mai daɗi ba. Akwai shekarar da ba a yi ruwa ko sau ɗaya ba, akwai wadda ciwon huhu ya ɗauke mata tumaki tara. Gari kuma yana matsowa, filin da take kiwo a da an yanka shi fuloti-fuloti, sai ta yi nisa kafin ta sami sumam. Zakiya takan zo daga Makka ta ce, "Yumma, ki huta mana." Dela takan ce to, ta miƙa mata kwanon dusa.

In aka tambaye ta sirrin, ba ta da dogon bayani. Ta ce ciyawa tana riƙe rai, dangin wake ke sa nama, kuma kowannensu shi kaɗai yana da sharrinsa. Ta ce ɗan rago abin da ya ci a watanninsa na farko shi ke bin sa har wuƙa.

Ranar Talatar da ta wuce aka ce jirgi ya sauke tumaki daga Sudan. Garkenta ya daɗe yana auren junansa, tana son sabon jini. Ta je kasuwa da hantsi ta shiga cikinsu, tana buɗe baki, tana shafa baya, tana ɗaga kofato, dillalai na bin ta suna "Ya Hajja, wannan fa?" Ta wuce manya masu ƙiba, ta tsaya a kan wani ramamme mai faɗin ƙirji da tsayayyun ƙafafu, wanda ta tarar yana tuƙa a natse duk da hayaniyar. Shi ta saya. Abdulghaffar ya buɗe bayan mota, ragon ya kafe ya ƙi hawa.

"Yalla, ku taya ni ɗaga shi," in ji Abdulghaffar ga dillalan.

"Bar shi, Gaffaru, ya gaji da abin hawa," in ji Dela.

Ta karɓi igiyar, ta ja shi a ƙafa har Mahjar, ta ɗaure shi a turke shi kaɗai a inuwa, ta zuba masa busasshiyar ciyawa.